Ekklesiyar 'Yan'uwa: sunan da aka gwada da wuta

Ranar 17 ga Maris 1923, wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko da mutanen Garkida a gindin wata tsamiya. Daga wannan inuwa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta tsiro, ta yaɗu cikin Bura da Margi da Kilba da Kamwe da mutanen Cibok, a kudancin Barno da arewacin Adamawa.

Asalinta Jamus ne, inda mutum takwas suka kafa ta a 1708, kuma tun daga can ta zo da koyarwa mai nauyi: mai bi ba ya ɗaukar makami, ba ya ramuwar gayya. A lokacin jibi, masu bi kan durƙusa su wanke wa juna ƙafa, ba a duba wa ke da muƙami. Faɗin irin wannan koyarwa a lokacin zaman lafiya ba wuya, ana yi ana tashi a tafi gida cin tuwo. Shekarar 2014 ce ta nemi a biya kuɗinta.

A daren 14 ga Afrilu aka kwashe ɗalibai mata 276 daga makarantar Cibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ekklesiya. Ranar 29 ga Oktoba mayaƙan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedikwatar EYN da ke Kwarhi, har da kwalejin horar da fastoci. Shugabanni, malamai da ɗalibai suka fantsama daji da duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru, hedikwatar kuwa ta koma Jos na wucin gadi.

Abin da ya biyo baya bai cika samun shiga kanun labarai ba, amma a ganina shi ne zuciyar labarin. Ba sansanonin gwamnati kaɗai suka ɗauki waɗanda suka tsere ba. 'Yan'uwansu a Yola da Jos da Abuja ne suka buɗe ƙofa, falo ya zama ɗakin kwana, albashin mutum ɗaya ya riƙe gida biyu ko uku. Ma'aikacin da ya fito daga wannan yanki, yake zaune a Nyanya ko Masaka a wancan lokaci, ba sai an ba shi labari ba. A Gurku kuma, cikin jihar Nasarawa, an kafa matsuguni inda Kirista da Musulmin da rikici ɗaya ya kora suka zauna maƙwabtan juna. Kada a ɗauka kowa ya haɗiye koyarwar rashin ramuwa cikin sauƙi. Wanda ya binne mahaifinsa yana da tambayoyin da wa'azi ɗaya ba zai amsa ba. Duk da haka ekklesiyar ba ta sauya matsayinta ba.

Wanda ya fi fito da wannan a fili shi ne Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar CAN a Michika, wanda aka sace a farkon Janairun 2020. Bayan 'yan kwanaki aka saki bidiyonsa. An saba ganin wanda ke hannu yana rawar murya, shi kuwa ya yi magana a natse. Ya roƙi a nemi sakinsa, ya ce ba a wulaƙanta shi ba, sannan ya bayyana cewa bai karaya ba domin komai yana hannun Allah, ko ya sake ganin iyalinsa ko bai sake ba.  Ya miƙa ransa ga Allah, kuma bai nuna shakka ba. An kashe shi ranar 20 ga Janairu.

A Maris 2023 EYN ta yi bikin cika shekara 100, hedikwatarta ta daɗe da komawa Kwarhi. A Cibok kuwa akwai gidajen da har yau ba su ga 'ya'yansu ba.