Baƙuwar Ƙara a Ƙarƙashin Hilux: Abin da Ya Kamata Ka Sani

Idan kana da Hilux ko wata a-kori-kura irinta, wata rana za ka ji baƙuwar ƙara tana tasowa daga ƙarƙashinta. Wasu sukan yi biris su ci gaba da tafiya. Wasu kuma sukan garzaya gareji su ce "mota tana ƙara" kawai, sai a shiga kwance-kwance har a taɓa abin da lafiyarsa lau. Kafin ka kai ga wannan, akwai binciken da za ka yi da kunnenka, ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Daga ina ƙarar take fitowa?

Inji ba ya juya taya kai tsaye. Ƙarfinsa yakan bi ta kuloci, ya shiga giyabos, ya fita ta farfela, wato dogon bututun ƙarfen nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota. A ƙarshen farfela akwai mahaɗi mai hannu huɗu da kanikawa ke kira kuros, shi ke ba ta damar lanƙwasawa idan mota ta faɗa rami. Daga nan ƙarfin ya isa bak aksul, tukunyar ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, inda wasu giyoyi masu haƙora ke raba shi ga tayoyin biyu. Duk inda ƙarfe ke juyawa a wannan hanya akwai boris, wato zobe mai ƙananan ƙarafa a ciki da ke sa juyin ya yi sulɓi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da irin kukansa, da kuma lokacin da yake yin sa.

Yaya zan gane mai laifin?

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: yaushe ƙarar take zuwa? Nemi miƙaƙƙen titi mara cunkoso, ka kashe rediyo da iyakwandishan.

Fara da mota a tsaye, giya a firi, ka taka totur. Idan ƙarar ta bi tashin inji, matsalar tana gaba, wajen inji ko kuloci ko giyabos. Taka kuloci. Ƙarar da ke zuwa da takawa, yawanci boris ɗin kuloci ne. Wadda ke ɗaukewa da takawa, a duba boris ɗin mashigar giyabos.

Idan sai mota ta motsa ake jin ta, hau titi ka kai gudun da ta fi fitowa. Kuka mai tsini, wuuu, da ke sauyawa idan ka taka totur ko ka saki, alama ce ta bak aksul: ko haƙoran giya sun ci, ko boris ɗinsa ya saki. Gurnani kuwa da bai damu da totur ba, amma yana ƙaruwa da gudu, ya fi kama da boris ɗin taya. Karkata sitiyari kaɗan hagu da dama. Idan gurnanin ya ƙaru da ka yi hagu, yawanci na dama ne ya lalace, domin can nauyin mota ya koma.

Ƙwas ɗaya mai ƙarfi lokacin tashi, ko lokacin sa ribas, a fara zargin kuros. Haka ma karkarwar da ake ji a kujera da daben mota idan gudu ya yi nisa. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba yayin shan kwana, a motar da ke ja da tayoyi huɗu, mahaɗin shaf ɗin gaba ne, wato sandar da ke juya tayar gaba, galibi bayan robarsa ta yage giris ya zube.

Kada ka manta da taya. Mai manyan haƙora, ko wadda ta ci a karkace, tana yin gurnanin da ke ruɗin ko da tsohon direba.

Me ke jawo wannan lalacewa?

Abu uku ne suka fi yi wa motocinmu illa. Na farko lodi: a-kori-kura irin Hilux an ƙera ta ne don kaya kimanin tan ɗaya, amma ana ɗora mata buhunan hatsi fiye da haka nesa. Na biyu ruwan damina. Bak aksul yana da ɗan bututun numfashi a samansa, kuma idan ya shiga rafi da zafinsa yakan zuƙi ruwa. Na uku, barin giyar tayoyi huɗu a kunne bisa busasshiyar kwalta. An yi ta ne don yashi da taɓo. A kan kwalta tana murɗe kayan ciki, har ka ji mota tana tirjewa a kwana.

Me zan duba da idona?

Tsayar da mota a wuri mai daidai, ka sa duwatsu gaba da bayan tayoyi. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kama farfela ka murɗa, ka girgiza: kuros mai lafiya ba ya wasa. Sa a buɗe murfin man bak aksul. Ya kamata man ya kai bakin ramin. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Idan an juye shi aka ga ɓarɓashin ƙarfe da za ka ji a yatsa, ɓarna ta riga ta fara.

Nawa gyaran zai ci?

Farashi a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna yana sauyawa da canjin kuɗi, amma jerin ba ya sauyawa. Man giya da giris su ne mafi araha, sai kuros da boris ɗin taya, sai kuloci. Giyabos da cikin bak aksul su ne masu cin aljihu, kuma saita haƙoran bak aksul aikin gwani ne, ba kowane yaron gareji ba.

Zan iya ci gaba da tuƙi?

Kukan bak aksul mara ƙarfi zai kai ka gareji a hankali, ba tare da lodi ba. Amma kuros mai wasa ko boris ɗin taya mai zafi ba a tafiya da su, domin farfela tana iya faɗowa a kan gudu, taya kuma tana iya ficewa. Idan ka isa wurin bakanike, faɗa masa gudun da ƙarar ke zuwa da abin da ke sauya ta, sannan ka nemi ya shiga motar ku zaga tare kafin ya kwance ko noti ɗaya.