Ido Ne Jagoran Hannu: Kada Mu Yi Saurin Cewa Tsufa Ne

A zagayen da muke yi cikin ƙauyukan Sabon Birni da Isa, har zuwa gefen tsohuwar Alkalawa a bakin gulbin Rima, akwai ƙorafin da muke yawan ji. Sai a ce Iya ta daina tsince tsakuwa a shinkafa yadda ta saba, ko Baba ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi sai ya ture ƙwaryar fura. Nan da nan sai a ce ai tsufa ne, a karɓe musu aikin, a bar su zaune a gindin bango. 'Yan'uwa, sau da yawa hannun lafiyarsa lau. Jagoransa ne ya samu matsala, wato ido.

Yadda ido ke yi wa hannu jagora

Hausawa sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. Kafin hannu ya motsa, ido ya riga ya sauka a kan abin da za a ɗauka, ya kai wa ƙwaƙwalwa labarin nisansa da girmansa da yadda ya karkata. Wani masani ɗan Faransa mai suna Marc Jeannerod ya bayyana a 1981 cewa yatsu ba sa jira sai sun taɓa abu. Tun hannu yana kan hanya suke buɗewa, su ɗan zarce faɗin abin, sannan bayan an ci wajen kashi biyu cikin uku na tafiyar sai su fara rufewa. Ku lura da hannunku in za ku ɗauki albasa, sannan in za ku ɗauki ƙwayar wake. Buɗewar yatsun ba ɗaya ba ce, kuma ba ku yi wani lissafi ba.

Ido yana kuma kallon hannun kansa. In ya ga ya ɗan kauce, sai ƙwaƙwalwa ta gyara masa hanya kafin ya isa. Shi ya sa aikin da muke yi cikin sauƙi da rana yake zama lalube in fitila ta mutu.

Amfanin ido biyu

Ku gwada wannan a gida. Ku riƙe tsinke ɗaya a kowane hannu, ku miƙe hannuwan, ku rufe ido ɗaya, ku yi ƙoƙarin haɗa bakin tsinkayen. Yawancinmu sai mun kuskure. Kowane ido yana ganin abu ta ɗan ɓangarensa, kuma daga wannan ɗan bambanci ne ƙwaƙwalwa ke gane nisa. Mutumin da ido ɗaya ya dushe yakan ce ai yana gani, amma sai ya zuba ruwa a gefen moɗa, ko lauje ya same shi a yatsa lokacin girbi.

Abubuwan da ke raba hannu da jagoransa

Na farko shi ne raguwar ganin kusa. Daga wajen shekara 40, ɗan madubin da ke cikin ido yana fara tauri, sai zura zare a allura ko saƙar kaba su yi wuya. Wannan yana samun kusan kowa, kuma maganinsa tabarau ne na ganin kusa. Mutane da yawa suna kiransa tabarau na karatu, sai wanda bai yi boko ba ya ɗauka ba nasa ba ne. Na mai ɗinki ne, da mai tsince iri, da mai ƙirga kuɗi a kasuwa.

Na biyu shi ne yanar ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa a cikin masu shekara 40 zuwa sama, wajen mutum 4 cikin 100 makafi ne. Yana ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, kuma kashi 84 cikin 100 abu ne da za a iya hanawa ko a warkar. Aikin cire yana ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Ana yin sa a manyan asibitocin Sakkwato, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Muna roƙo kada a kai tsofaffinmu wurin masu tura yana da allura a gargajiyance, domin idanu da yawa sun lalace ta wannan hanya.

Na uku kuwa ba a ido yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. In mutum yana lafiya sai kwatsam hannunsa ya fara wuce abin da yake kallo, ko ya daina ganin ɓangare ɗaya, musamman mai hawan jini, wannan na iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki. A kai shi asibiti ranar, kada a jira ranar kasuwa.

Abin da za mu yi a gida

1. A kai duk wanda ya wuce shekara 40 a auna masa ido, ko da bai yi ƙorafi ba.
2. A bar tsofaffi su yi aikin hannu a wuri mai haske. Farar shinkafa ta fi ganuwa a kan baƙin tire.
3. A ajiye buta da kofi da sanda a wuri ɗaya kullum, domin hannu ya san hanya.
4. A lura da jarirai. Yaro kan fara miƙa hannu ga abin da ya gani a wata 4 zuwa 5. In ya kai wata 6 bai yi ba, ko aka ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Mun san tafiya a hanyoyin yankinmu ba ta da sauƙi, kuma kuɗin mota nauyi ne. Amma in aka raba tsohuwa da faifanta, an raba ta da matsayinta a gida. Kafin mu karɓe aikin daga hannun Iya, mu fara tambayarta: "Iya, yaya kike gani?"