Ƙananan Makamai: Yarjejeniyar ECOWAS Da Giɓin Da Ficewar Ƙasashen Sahel Ta Bari

A ranar 31 ga Oktoba, 1998, shugabannin ƙasashen ECOWAS suka amince a Abuja da dakatar da shigo da ƙananan makamai, fitar da su da kuma ƙera su a yankin. Alkawari ne da babu dokar da ta tilasta cika shi, shi ya sa a ranar 14 ga Yuni, 2006, aka mayar da shi cikakkiyar yarjejeniya, wadda ta fara aiki a 2009.

Makaman da ake nufi su ne waɗanda mutum ɗaya ko 'yan kaɗan za su iya ɗauka, irin su AK-47, ƙaramar bindiga da gurneti. Ba su da wuyar ɓoyewa cikin buhun hatsi, kuma bindiga ɗaya kan yi shekaru tana sauya hannu.

Yarjejeniyar ta hana kowace ƙasa shigo da makaman sai da sahalewar ECOWAS, bayan an tuntuɓi sauran ƙasashe. Ta kuma wajabta buga lamba a jikin kowane makami da ajiye rajista, domin idan an kama bindiga a gano inda ta fito. Nan ne ƙarfinta yake, nan ne kuma rauninta, domin lamba ba ta da amfani idan maƙwabci bai buɗe littafinsa ba.

Najeriya ta kafa Cibiyar Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa a 2021, ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. A 2024, jami'an Kwastam sun kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a tashar jiragen ruwa ta Onne, Jihar Ribas.

Amma tashar ruwa ƙofa ce mai gadi. Iyakar Najeriya da Nijar kuwa ta kai kusan kilomita 1,500, kuma ta Sahel ne makaman Libiya suka bazu bayan faɗuwar Gaddafi a 2011. Ga shi tun 29 ga Janairu, 2025, Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS. Bindigar da aka ƙwace a dajin Zamfara, idan ta Nijar ta biyo, bin sawunta yanzu ya dogara ne kan fahimtar juna tsakanin Abuja da Yamai kai tsaye.