Hoton Na'ura Da Tallan Ɗakin Karatu: Shin Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya taɓa shirya taro a ɗakin karatu ya san cewa tara mutane ya fi tara littattafai wuya. Kasafin kuɗi ba ya isa, mai zane kuma ba ya aiki kyauta. Shi ya sa tun a shekarar 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirar hoto irin su DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion suka shigo hannun jama'a, wasu ma'aikatan ɗakunan karatu suka ga tamkar tsuntsu daga sama gasasshe. Mutum ya rubuta jimla guda, kafin ƙiftawar ido a miƙo masa hoton yara suna karatu, ya liƙa a Facebook ko WhatsApp, ya gayyaci jama'a bikin Ranar Littafi ta Duniya ta 23 ga Afrilu.

Sai dai mai karatu ya tuna abin da ya faru a birnin Glasgow na Birtaniya a watan Fabrairun 2024. An tallata wani bikin yara da hotunan na'ura masu nuna aljannar alewa, iyaye suka biya har fam 35, da suka isa sai suka tarar da wani rumbun ajiya kusan fayau. Yara suka yi kuka, aka kira 'yan sanda. Ba ɗakin karatu ba ne ya yi wannan aika-aika, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Jarin ɗakin karatu shi ne amana. In ya yi ƙarya a talla, wa zai yarda da abin da ke kan kantarsa?

Matsala ta biyu ta shafe mu kai tsaye. Waɗannan manhajoji sun koyi zane ne daga ɗimbin hotunan intanet, inda namu ba su da yawa. Sau da yawa za ka nemi ɗalibin Kano, a ba ka wanda hularsa da rigarsa ba su san Kurmi ba, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kuwa a dagula su.

Ta uku ita ce haƙƙin mallaka. A 2023 kamfanin Getty Images ya maka kamfanin Stability AI a kotu bisa zargin amfani da hotunansa ba izini, kuma a shekarar ce Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ƙi ba da kariya ga hotunan da Midjourney ta zana a wani littafi. Gidan da ke adana gumin marubuta bai kamata ya yi sakaci da gumin masu zane ba.

Shawarata ita ce a bar na'ura ta yi ado kawai. Hoton zaure da na baƙon da zai yi jawabi su zama na gaskiya, a buga rubutun da hannu, a kuma bayyana inda na'ura ta sa hannu. Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello duk a harabar Samaru suke. Kafin a tambayi kwamfuta, a fara tambayar ɗaliban da ke maƙwabtaka.

Allah Ya sa mu dace.