Gyaran Tsofaffin Taraktoci A Ƙasar Miga

Duk wanda ya bi hanya daga Jahun zuwa Miga, ko ya zaga ta Kafin Hausa da Auyo har Haɗejiya, ba zai rasa ganin tsohuwar tarakta a yashe ba, ko dai a gindin darbejiya ko a bayan wani ofis. Tayoyinta sun sace, fenti ya koɗe, kaji suna saka a ƙarƙashinta, yara kuwa sun mai da sitiyarinta abin wasa. Ran da mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo, sai a sa mata wuta a daddatsa, a ɗora a sikeli, a biya mai ita kuɗin kilo. Ga shi kuwa a wannan gari ɗin, in lokacin huɗa ya yi, sai ka ga manoma suna rububin tarakta guda, kowa yana roƙon direba ya fara da gonarsa.

Wannan hasara ce babba, musamman ga mutanen fadama. Ƙasar bakin kogin Haɗejiya laka ce. In ta jiƙe ƙwarai ba ta huɗuwa, in ta bushe kuwa sai ta zama kamar dutse, har shanun noma su kasa. Kwanakin da take daidai kaɗan ne bayan janyewar ruwa. Alkama kuma tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, don ta sami sanyin hunturu. Wanda ya yi mako uku yana jiran tarakta, zafin Maris zai tarar da alkamarsa tun ba ta cika ido ba. Saboda haka tarakta ɗaya da aka tasa daga kwance ta isa ta ceci noman unguwa guda.

Inda Suka Fito

Tarakta, wadda manoma ke kira tantan, ta daɗe a ƙasar nan. A 1949 aka buɗe wata babbar gonar injuna a Mokwa, amma a 1954 aka nannaɗe tabarmarta, zama kuɗin da injunan suka ci ya fi amfanin da aka samu. Tun daga sa'an nan aka gane sayen inji abu ne mai sauƙi, riƙonsa ne aiki. Bayan 1976, lokacin da gwamnati ta yi shirin ciyar da ƙasa, ta kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, taraktoci suka shigo da yawa. Akwai Massey Ferguson, akwai Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauchi, akwai kuma Fiat da aka haɗa a Kano. Da suka tsufa aka yi gwanjon waɗansu, waɗansu kuwa aka bar su inda suka tsaya.

Waɗannan tsofaffi suna da wata baiwa, watau sauƙin sha'ani. Ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera a Ingila daga 1964 zuwa 1975. Injinta na Perkins ne mai silinda uku, yana shan man gas, ba shi da kwamfuta, wayoyinsa kuwa ana iya ƙirga su. Bakanike mai sifana da haƙuri zai iya kwance shi ya mayar. Kakarta, 'yar ƙaramar Ferguson mai launin toka, an yi fiye da 500,000 irinta tsakanin 1946 da 1956, har gobe a Ingila akwai masu sayen gawarta su gyara don sha'awa, su kai wurin nunin amfanin gona. A Pakistan kuma ba a daina ƙera taraktocin Massey Ferguson masu tsohon fasali ba, don haka kayan gyaransu ba su yanke a kasuwa ba. Abin da Bature ke yi don nishaɗi, manomin Miga zai yi shi don abinci. Da tsohuwar zuma ake magani.

A Duba Kafin A Kashe Ko Kwabo

Ba kowace tarakta ce ta cancanci gyara ba. Kafin a sa hannu a aljihu, a kira bakaniken da ya san tarakta, ba na babur ba, ya duba abu huɗu.

Na farko, jikin injin. In ya tsage, ko wani ƙarfe ya ɓula shi daga ciki, to, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Na biyu, a zaro ma'aunin baƙin mai a gani. In man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga, sai a binciki ta inda ya bi. Na uku, a sa sifana a gwada juya injin da hannu. In ya juya, alama ce mai kyau. Na huɗu, a duba giya da tayoyin baya, zama su ne masu cin kuɗi. Sau da yawa tayoyin baya guda biyu sukan fi dukan sauran gyaran tsada.

In an gama, a rubuta kowane abu da kuɗinsa a takarda, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da ba a gani ba tukuna. Sa'an nan a gwada jimlar da kuɗin hayar tarakta na shekara biyu ko uku. Lissafi shi zai faɗi gaskiya.

Yadda Ake Tashinta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a aro batir a ɗaura, a hau murza makulli, ko kuwa a tara samari su tura. Injin da ya shekara biyar a kwance, cikinsa a bushe yake, in aka tilasta masa sai ya ci kansa.

In injin ya cije, a cire nozul, a zuba man gas gauraye da baƙin mai a cikin kowace silinda, a bar shi kwana bakwai ko fiye. Kowace safiya a gwada juya shi gaba da baya a hankali. Kada a sa guduma, kada a ja shi da mota. In ya saki, a tsiyaye tsohon baƙin mai sarai, a sa sabuwar filta da sabon mai.

Daga nan sai tanki. A kwance shi a wanke, domin tsatsa da ruwa sukan kwanta a gindinsa. A sake filtar man gas, sa'an nan a fitar da iskar da ta shiga bututu, zama injin gas ba ya tashi in da iska a hanyar mansa. Amma famfon da ke tura mai zuwa nozul, kada kowa ya buɗe shi a gindin itace. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ɓata shi. A naɗe shi a tsumma mai tsabta a kai wa masu na'urar gwada shi a Kano.

A wanke lagireto, a duba bel da robobin ruwa. In ta tashi, a bar ta tana aiki a hankali, a tsaya a dubi salansa, domin hayaƙi ba ya ƙarya. Baƙin hayaƙi, mai ya yi yawa ko iska ba ta isa. Shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai, watau ringi ya cinye. Fari wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko ruwa na shiga silinda ko nozul ba ya fesa mai daidai. In ringi ne, ba abin tsoro ba ne. Ana sayar da fistin da ringi da hannun rigar silinda a haɗe, a Ƙofar Ruwa ta Kano da waɗansu wurare.

A nan akwai magana ga 'yan kasuwa. Kayan gyara iri biyu ne, na ƙwarai da jabu, kwalinsu kuwa iri ɗaya. Wanda ya sayar wa manomi jabun filta ya ci ribar yini guda, ya kashe injin da zai yi shekara goma yana kawo masa ciniki.

Injin Da Ambaliya Ta Ci

Mutanen Miga sun san ruwa. A 2018 da 2022 ambaliya ta mamaye gonaki da garuruwa a wannan yanki, injuna da yawa suka kwana cikin ruwa, tun daga na ban ruwa har na niƙa. Ka'ida ɗaya ce, injin da ya nutse ba a tayar da shi sai an fitar da ruwan. Fistin yana matse iska, amma ba ya iya matse ruwa. In aka ja igiya da ruwa a silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe, gyaran sisi ya koma na fam.

Ƙaramin injin ban ruwa, irin wanda ya yaɗu tun da aka fara shirin Fadama a 1993, gyaransa ba wuya. A cire filogi, a kifa shi ruwa ya zube, a ja igiya sau da yawa ba filogi. A wanke kafireto da tanki, a shanya. A zuba sabon baƙin mai, a tashe shi minti kaɗan, a zubar, a sake zuba wani, har sai man ya daina fari. A yi wannan da wuri, gama laka da tsatsa ba su jira. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manoma da yawa sun juya injunansu zuwa iskar gas ta girki. Mai yin haka ya riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, in ya ga kumfa to yana yoyo, ya kuma ajiye tukunyar a inuwa.

Rumfar Gyara A Gida

Abokan gaban inji uku ne, ƙura da ruwa da ƙazamin mai. Maganinsu bai fi ƙarfin talaka ba. A yi rumfa a kan tudu inda ruwa ba ya kaiwa, a daɓe ƙasanta. A tanadi akwati mai makulli, a sa sifanu da filaya da sukudireba da bindigar giris da mazurari. Noti da ƙusoshin da aka kwance a zuba su a tsohon kwano, kada a watsar a rairayi. Abin da ya karye na garma ko haro, maƙerin gari da mai walda sun isa.

Kowace safiya kafin a fita, direba ya duba baƙin mai da ruwa, ya share matacin iska, balle da hunturu. A tace man gas kafin a zuba. A sake baƙin mai bayan awa 200 zuwa 250 na aiki. Babban gyara kuwa a yi shi a Agusta da Satumba, lokacin da amfani ke gona tarakta tana hutu, don Oktoba ta same ta a shirye.

In kuɗin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, manoma goma su haɗa kai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su sami malami ko akawu amintacce ya riƙe littafi: awa nawa ta yi, gonar wa ta huɗe, nawa aka karɓa, yaushe aka sake mai. Daga kuɗin kowace eka a ware na gyara, kada a taɓa shi don biki ko suna. Yawancin taraktocin da ke yashe a yau rashin wannan littafi ne ya kwantar da su.

A Tsare Rai

Kada a shiga ƙarƙashin tarakta tana kan jak kaɗai, a tokare ta da gungumen itace. Kada a tashe ta tana cikin giya. In ta kafe a laka, ko za ta ja kaya, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa, gama in aka ɗaura sama da gindin tayoyin baya takan ɗaga kai ta kife kan direba. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa. Yara kuma ba su da wurin zama a kanta.

Saboda haka duk mai tsohuwar tarakta, ko injin niƙa, ko na ban ruwa a bayan gida, kafin ya saurari tayin mai sikeli, ya kira bakanike su duba tare. Wanda ya rasa inda zai fara ya nemi malamin gona na yankinsa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya.