Darasin Zane da Aikin Hannu a Ƙananan Azuzuwa: Misali Daga Anloga ta Kumasi

Wannan takarda za ta duba yadda ake koyar da zane da aikin hannu ga yara 'yan shekara 6 zuwa 8, da kuma irin Hausar da darasin yake fito da ita. An ɗauki misali daga Anloga, wata unguwa ta Kumasi da ba ta da nisa da Aboabo da Asawase, inda Hausa take harshen cuɗanya tsakanin mazauna zango.

Anloga ta samo sunanta daga garin Anloga na Ewe da ke yankin Volta, ta kuma yi suna da kafintoci. Ko da yake an mayar da yawancinsu Sokoban sa'ad da aka zo gina hanya, sana'ar ba ta bar unguwar baki ɗaya ba. Wannan yana da amfani ga malami, domin kukan da aka fi yi game da wannan darasi shi ne rashin kayan aiki.

A Ghana, darasin fasaha yana cikin manhajar firamare ta 2007, kuma manhajar 2019 ta ci gaba da shi. Sai dai malamin aji ne yake ɗaukarsa tare da lissafi da Turanci. Abin da yakan faru shi ne ya zana kofi ko mangwaro a allon bango, yara su kwafa, ya ba da maki. Wannan kwafi ne kawai. Yaron bai taɓa komai ba sai fensir, bai kuma zaɓi komai da kansa ba.

Alhali kayan suna bakin ƙofa. Guntayen katako, idan an goge kaifinsu, sun isa a yi gida ko mota. Garin katako kuwa, in an kwaɓa shi da dafaffen sitacin rogo, yakan yi laushi kamar yumɓu, a mulmula shi, a shanya, ya bushe da ƙarfi. Ga gawayi, ga kwali, ga ƙyallayen da tela ya zubar. Wuƙa da ƙusa dai ba na 'yan wannan shekaru ba ne. Duk abin da yake buƙatar kaifi, malami ya yanka tun kafin a shiga aji.

A nan ne ɗalibin harshe ya kamata ya kasa kunne. Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana take tallafa wa a makarantu, saboda haka ɗan zango a Kumasi da Turanci da Twi yake karatu. Amma da zarar hannu ya shiga kwaɓi, harshen gida ne yake fitowa, kuma aikatau ne suka fi yawa a ciki: kwaɓa, cuɗa, murza, mulmula, ninka, liƙa, shafa. Kowanne yana da motsinsa. Murzawa tsakanin tafukan hannu tana ba da abu dogo kamar igiya, mulmulawa kuma tana ba da dunƙule. Wanda ya yi su da hannunsa ba zai ƙara rikita su ba. Haka kuma giredin aikatau da Parsons ya tsara a 1960 yakan bayyana a fili: "yanka takardar", "yanke gefen", "yanko mini kaɗan", "ta yanku". Tushe ɗaya ne, wasalin ƙarshe ne yake nuna ko an raba abin, ko an kawo shi, ko aikin ya yiwu. Ban san wani darasin nahawu da ya kai wannan sauƙi ba.

Launi ma haka. Fari da baƙi da ja kowa ya san su. Bayansu akwai kore da shuɗi da rawaya, sai kuma waɗanda ake kwatantawa da wani abu: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Yaron Kumasi da bai taɓa ganin garin ɗorawa ba, ba laifi ya ce ruwan ƙwai. Kada kuma malami ya mai da darasin wurin gyaran baki. A Hausar Ghana, masu magana da yawa ba sa bambanta jinsi, ba sa kuma raba ƙ da k ko ɗ da d. Karin harshe ne, ba kuskure ba, kuma yaron da aka katse shi sau biyu zai yi shiru.

Sauran magana ita ce ta iyaye. Wasu Musulmi ba sa son a sa 'ya'yansu su zana ko su ƙera siffar abu mai rai, kuma makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, suna da irin waɗannan iyaye. Jayayya da su ba ta da riba, tun da akwai fage mai faɗi da bai taɓa wannan ba. Yaron da yake zuwa makarantar allo ya san tawada da alƙalami, wataƙila ya ga zayyanar da ake yi wa allon mai sauka: layuka da da'irori da murabba'ai masu maimaita juna. A Ntonso, arewa da Kumasi, masu adinkra suna sassaƙa hatimi daga ɓallin ƙwarya su buga a kan yadi. Malami zai iya haɗa biyun. Ya ba kowane yaro guntun katako mai kusurwa uku ko huɗu, ya tsoma a tawada, ya buga a takarda bisa tsarin da ya zaɓa, ja biyu baƙi ɗaya, ko yadda ya ga dama. Idan sun gama, tambayar da ta dace ba "mene ne wannan?" ba ce, domin tana nuna malam bai gane ba. Ya ce, "Gaya mini yadda ka yi." Amsar takan zo da "da farko", "sai", "daga nan", wato jerin da za a nema daga yaron nan gaba idan ya fara rubuta insha'i.