ƘASA DA ERIYAR RADIYO

Ƴan uwa manoma, kun san jigawa daban, fadama daban. Jigawa ta hatsi ce, laka ta dawa ce. To, masu kafa eriyar radiyo, wadda muke cema antan, su ma sai sun san ƙasa kamin su kafa ta.

Ga dalili. Muryar da ake aikowa bisa matsakaicin zango ƙasa take bi, tana ratsa garuruwa. In ƙasar tana ɗaukar kuran, muryar ta yi nisa. In ba ta ɗauka, muryar ta mutu a hanya, kamar ruwan hadari guda bisa rairayi.

Abu biyu ke sa ƙasa ta ɗauki kuran: lema da gishiri. Injiniyoyi suna awo, su sa lissafin cikin kwamfuta tun ba a haƙa rami ba. A ma'auninsu, in busasshen rairayi ya samu 1, jiƙaƙƙar laka tana samun 10 zuwa 30. Ruwan teku kuwa, mai gishiri, wajen 5000 ne. Ke nan lakar Gulbin Maraɗi da ta Majiya sun fi tuddan rairayi da fakon Adar nesa. Ƙasa mai kanwa, irin ta wajen Korama, in ta jiƙa ita ma tana da kyau, ko da yake manomi bai son ta. Wuri guda ma yana canzawa: da damana ya fi da rani.

Inda ƙasa ba ta da kyau sai a taimake ta. Ana bizne wayoyin jan ƙarfe, galibi 120, daga gindin eriya su bazu ko'ina. Wanda gonarsa ke kusa kar ya tone su da garma.

Radiyoyin karkara na FM ba ruwansu sosai da wannan lissafi. Su tsawon ƙarfe suke so, da wuri mai tudu.

Amma ko wace eriya tana da sandar ƙarfe da ake kafawa cikin ƙasa don aradu ta bi. Nan ake sakaci ƙwarai. Sanda gajera cikin busasshen rairayi ba ta tsare komi. A kafa ta ta nutse wajen metir 2, inda lema ba ta ƙarewa, a ɗaure wayar tam, a riƙa duba ta kamin hadarin farko.